Rasuwar Kwamfutar da Aka Hana Adireshi a Gidanta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da ya fi baƙin cikin yawa, Mai Zane na sanar da 'yan uwa da abokan arziki, in akwai sauransu, rasuwar kwamfutarsa, wadda ta cika a kan teburin falo bayan gajeriyar jinya da dogon katsalandan.

Marigayiya dattijuwa ce mai nauyin jiki. In an kunna ta da safe sai ta ce "ƙiit", fankarta ta ja numfashi "fuuu", kuma mutum kan yi wanka ya sa kaya kafin ta gama buɗe ido. Amma in ta farka ba ta san ƙiwuya ba. A cikinta Mai Zane ya zana duk ginin da ya ciyar da gidansa. A cikinta kuma zanen wani asibiti yake kwance, aiki mafi girma da aka taɓa ba shi, wanda ɗan kwangila ya ce a turo masa kafin ƙarshen mako ko ya nemi wani.

Ciwon ajalinta ya fara da abin da bai taka kara ya karya ba. A ƙa'ida, duk na'urar da za ta hau intanet sai ta roƙi akwatin intanet na gidan ya ba ta adireshi, shi kuwa ya miƙa mata ba sai an sa masa hannu ba. Ran nan ta roƙa, shiru. An kashe ta an kunna, an canja waya, an hura ramin wayar da baki, shiru. Da ta gaji ta ƙirƙiro wa kanta wani adireshin banza da ba ya kai kowa ko'ina.

Nan ne ƙanin uwargida ya shigo, wanda ake kira Injiniya don ya taɓa gyara rimot. Mai Zane ya ɗauko filas, ɗan abin nan na kwafar aiki daga kwamfuta, zai kwashe zanen ya je shago ya tura, Injiniya ya riƙe masa hannu, wai abin kunya ne a kai aiki waje alhali yana gidan. Mai Zane ya ji nauyin surukuta ya haƙura. Masanin ya yanke cewa ƙwayar cuta ce, ya wanke ƙwaƙwalwar marigayiya tas, da asibitin da komai. Adireshi bai zo ba. Sai ya buɗe cikinta da wuƙar kicin. Ta yi "tas", ta fitar da ɗan hayaƙi, ba ta ƙara cewa komai ba.

Da yamma Mai Zane ya leƙa taga ya ga mutanen layi jingine da katangarsa, kowa ya sunkuyar da kai. Har ya ji daɗi, ya ɗauka jimami suke taya shi. Ya koma ciki ya zare filogin akwatin, tunda ba sauran wadda za ta hau. Layi duka ya ɗauki ihu lokaci guda.

Ashe adireshin da akwatin ke rabawa ƙidayayye ne. Lambar sirrin shiga intanet ɗin gidan, wadda aka ba Injiniya shi kaɗai bisa amana, ta zaga mai aski, mai wankin mota da abokan hirarsu. Kafin tsohuwa ta gama buɗe ido, wayoyinsu sun cinye adireshin kaf. Lafiyarta ƙalau aka yanka ta.

Ta rasu ta bar firinta mai aiki ran da ta ga dama, da linzamin kwamfuta maraya, da uwargida wadda har yanzu ke cewa ɗan uwanta taimako ya yi niyya.

Za a yi jana'iza gobe da safe a wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa. Injiniya ne zai ɗauki gawa, a ka, a ƙafa. Akwatin intanet zai bi ta, saboda haka masu zuwa ta'aziyya su taho da datarsu. Ba za su tarar da Mai Zane ba. Yana filin asibitin, inda wanda aka ba aikin ya tausaya masa ya ɗauke shi riƙon igiyar awo.