Taku Talatin na Sufeton Sararin Samaniya

Duk wanda ya ce gwanaye sun ƙare a duniya bai taɓa zuwa tsohon filin ƙwallon da ke bayan rufaffen kamfanin sabulu ranar Asabar da hantsi ba. A nan Allah ya ajiye mana Sufeton Sararin Samaniya, mutumin da ba don shi ba, da tuni jiragen wasa sun riƙa zubo wa jama'a a ka. Shekara talatin da ɗaya ya yi a gidan waya yana buga wa wasiƙu hatimi, don haka babu abin da ya shige masa duhu a harkar aika saƙo, na takarda ne ko na iska. Shi da kansa ya faɗa. Shi kuma ya naɗa kansa, da ya duba ya ga duk cikin ƙungiyar masu tayar da jiragen wasa babu wanda ya kai ya naɗa shi.

Ƙungiyar ta mutum tara ce, dattawa masu furfura da tumbi, waɗanda ke sace jiki daga gida su zo su yi abin da suke hana jikokinsu. Matsalarsu ɗaya ce tak. Rimot ɗinsu irin na da ne, masu dogayen eriya, kuma kowane jirgi ta tasha ɗaya yake jin maganar mai shi. Idan mutum biyu suka kunna a tasha ɗaya, ko wani abu ya yi kutse a tsakani, sai jirgi ya rasa wa zai saurara, ya yi ƙasa da ka. Maganin abin ba wuya. Akwai allo da aka jera wa fegi, irin wanda ake maƙale wanki da shi a igiya, kowanne da lambar tasha. Ka ɗauki feginka, tasha ta zama taka, kowa ya san kada ya kunna a kanta. Aikin minti ɗaya ne.

Sufeto ya mayar da shi na awa biyu. Irin wannan baiwa ba kowa ake ba wa ba.

Yakan iso sanye da riga mai ƙyalli irin ta masu gyaran titi, usur a wuya, allon fegi a hammata kamar mai ɗauke da takardun ƙasa. A hannun dama kuma ga abin da yake kira Na'urar Gano Kutse: tsohuwar rediyo ce aka ɗaure a sandar goge ɗaki, aka maƙala mata ƙarfen rataye riga a ka. Sai ya bi gefen fili yana ɗaga ta sama, kunne manne da rediyo, ido a lumshe. Rediyo ta ce shhhh. Sufeto ya girgiza kai kamar likitan da ya ga abin da ba zai iya gaya wa dangi ba.

"Ku sarari kuke gani fes," in ji shi. "Ni jin sa nake yi. Iskar nan da kuke shaƙa cike take da 'yan kutse, manya da ƙanana. Ba na zargin kowa. Amma kowa abin zargi ne."

Daga nan sai bincike. Wayoyi da makullan mota a zuba su cikin tukunya, a rufe da murfi, a ɗora dutse. Tela, wanda ya fi kowa haƙuri a ƙungiyar, an taɓa tsayar da shi a bayan raga rabin awa saboda an samu allura uku a wuyan rigarsa. An taɓa aika wa mai walda na tsallaken titi takardar gargaɗi mai hatimi biyu. Mai walda ya naɗe ta ya kunna wuta da ita, Sufeto kuma ya sanar da ƙungiya cewa saƙo ya isa inda aka nufa. Wata Asabar ma duk aka watse ba wanda ya tashi, don wata mata a gidan da ke kusa ta kunna injin markaɗe.

Shi ma Sufeto yana da jirgi. Kuma wane jirgi! Ja da fari, fukafukansa sun fi buɗin hannun mutum, an rubuta GAGGAFA a gefensa da ruwan zinare. Kowace Asabar sai ya sauko da shi daga saman mota, ya goge shi da hankici, ya juya farfela da yatsa, ya ba da labarin yadda zai tsaga gajimare. Shekara uku ke nan Gaggafa bai taɓa rabuwa da ƙasa ba, in ban da hawa mota. Kada wani ya ce tsoro ne. Abin da ke faruwa kawai, da zarar layi ya zo kan Sufeto, sai rediyo ta ce shhhh da wata irin murya da shi kaɗai ke gane ta. Mutum mai sanin ya kamata ba ya tayar da jirgi a cikin irin wannan iska.

Mai aski ne ya ɓata lamarin. Mutum ne da ya fasa jirage bakwai ya liƙe su da gam, bakinsa kuma ya fi askarsa kaifi. Rannan, bayan an tsare shi awa ɗaya saboda agogon hannunsa, ya ɗaga yatsa ya kawo shawara: wanda bai taɓa tayar da jirgi ya sauke shi ba, kada ya riƙe allon fegi. Aka ɗaga hannu. Takwas da ɗaya. Sufeto ya nemi a sake ƙirgawa, aka sake, har yanzu shi ne ɗayan.

"Asabar mai zuwa, ranka ya daɗe," in ji mai aski. "Zagaye ɗaya, ka sauke shi. In ba haka ba, allo da usur su canza gida."

Sufeto ya yi murmushin manya. Ya ce shi dama yana jiran ranar da ƙungiya za ta kai matsayin da za ta iya fahimtar tashinsa.

Ranar Asabar ya zo da maiɗakinsa, don tarihi yana bukatar shaida. Ta zauna a kujerar roba ƙarƙashin lema, da fuskar macen da ta shekara uku tana jin labarin gajimare. Bincike kuwa ranar ya wuce na kullum. Duk rimot takwas aka cire musu batir aka jera a ƙasa. An zagaya fili sau uku da na'ura. Sufeto ya kasa kunne, ya ƙara kasawa, yana roƙon rediyo a zuci ta taimake shi. Rediyo ta yi tsit. Mai walda bai buɗe shago ba. Mai markaɗe ta tafi unguwa. Duniya gaba ɗaya ta haɗa baki ta yi shiru.

Babu yadda zai yi. Ya ciro fegi mai lamba bakwai ya maƙala a aljihun gaba kamar lambar yabo, ya gyara murya.

"Yanzu za ku ga gwaji na ƙarshe, wanda jahilai ke tsallakewa. Ku kalli eriyar nan. Zan tura ta ta shige cikin kanta, ta koma kamar ɗan yatsa. A haka muryar rimot ba ta da ƙarfi, ba ta nisa. Zan ja da baya taku talatin. Idan jirgi ya ji ni da wannan 'yar muryar, to in na zare eriya duka zai ji ni ko daga bayan wata. Tela, tsaya kusa da jelar jirgin, ka faɗi abin da ka gani. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Ya tura eriya. Ya fara ja da baya yana ƙirgawa da ƙarfi, taku ɗaya-ɗaya, ƙirji a gaba. A taku na sha tara ya taka ramin gara, ya yi tangal-tangal, ya ce wannan ma cikin gwajin yake. A na talatin ya tsaya, ya karkata sandar rimot hagu.

"Jela ta motsa!" in ji tela.

Ya karkata dama.

"Ta sake motsawa!"

Mai aski ya fara tafi, don a yi a gama. Sauran suka kama. To, shi Sufeto tafi abinci ne a wurinsa, kuma ya daɗe da yunwa. Ya dawo yana ɗaga musu hannu kamar wanda ya sauko daga jirgin gaske. Tsoron ya bi iska. Ya yi jawabin minti goma a kan horo, da tsari, da yadda ƙaramin sakaci ke rusa babban aiki. Ya ce a duniyar sama, mantuwa ita ce babbar 'yar kutse, kuma shi bai san ta ba. Aka tayar da inji. Ya tura sanda gaba.

Gaggafa ya ruga a kan ciyawa, ya ɗaga hanci, ya tashi.

Gaskiya a faɗe ta, ba a taɓa ganin tashi mai kyau irin wannan a filin ba. Jirgin ya miƙe sak, rana na walƙiya a fukafukansa. Har maiɗakin ta ajiye lema. Idon Sufeto ya ciko da ƙwalla.

"Yanzu," ya ce, "ku kalli juyawar hagu."

Suka kalla. Gaggafa ya ci gaba da tafiya gaba.

"Wato, dama nake nufi."

Gaggafa bai ji wannan ba ma. Ya tsallake raga, ya tsallake katangar kamfanin sabulu, yana ƙara sama a natse kamar wanda ya san inda za shi.

"Kutse!" Sufeto ya kurma ihu, ya busa usur har sau uku. "Wa ya kunna? Wa ke kan tasha ta bakwai? Maƙarƙashiya ce! Mai aski, nuna hannunka!"

Mai aski ya ɗaga hannu biyu, babu komai. Rimot takwas na kwance a ƙasa, batiransu a gefe. Tukunya na nan da dutsenta. Sufeto ya murɗa sanduna hagu da dama, ya yi tsalle, ya bi jirgin da gudun da ba a san yana da shi ba, yana kiran sunansa. Gaggafa ya koma kamar tattabara, ya koma kamar ƙuda, ya wuce ta saman tankin ruwa, sai sarari fes.

Sufeto ya ja ya tsaya. Sai maiɗakinsa ta taso, ta leƙa abin da ke hannunsa.

"Baban yara, ni dai ban san harkarku ba," ta ce. "Amma wannan ƙarfen, ba cewa ka yi za ka zare shi ba kafin a tashi?"

Sufeto ya sunkuyar da kai. Ga eriya nan a tsugune, kamar ɗan yatsa, yadda ya bar ta tun taku talatin. Ya kama kanta ya zaro ta a hankali, gaɓa bayan gaɓa, har ta miƙe tsawonta duka. Ya nuna ta wajen tankin ruwa, ya karkata sanda hagu, ko da wani abu zai dawo. Hankaka ɗaya ne ya gifta.

Ya gyara rigarsa mai ƙyalli. "A ƙa'ida," ya ce, "tun da jirgi bai sauka ba, gwaji bai ƙare ba. Saboda haka muƙamina yana nan har sai an ga saukarsa."

Tela ya matso. Ya zare allo daga hammatarsa a hankali, ya cire masa usur ta ka, ya ɓalle fegi mai lamba bakwai daga aljihunsa.

"Kada ka damu, ranka ya daɗe, ka kafa tarihi," in ji mai aski, yana mayar wa rimot ɗinsa batir. "Tun da aka buɗe filin nan, wannan ne jirgi na farko da ya tashi babu wanda ya yi masa kutse. Har mai shi."