Tumatirin Iya da Iskar Jatau

A garinmu akwai wani Nomau, mutumin kirki, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Yana zaune da mahaifiyarsa Iya Dije da yayansa Jatau, ɗan acaɓa, wanda ke ciyar da gidan.

Wata rana Iya za ta gidan suna, ta ce, "Ka yi ta ba tumatirin nan ruwa har in dawo." Hira ta yi daɗi, ba ta dawo ba sai la'asar. Ta tarar lambu ya zama tafki, tumatir duk sun kwanta. "Kai Nomau! Ruwa ma in ya yi yawa kisa yake yi!" Ya ce, "To, Iya."

Wata rana mota ta buge Jatau. Aka kai shi asibiti rai a hannun Allah, aka sa masa robar iskar oksijin. Iya tana kuka ta ce, "Ka yi jinyarsa, kada ka ɗauke ido daga kansa." Nomau ya ƙi ko ƙiftawa, hawaye na ta zuba, har masu dubiya suka fara yi masa ta'aziyya.

Wata rana Likita Zuwaira ta tara ma'aikatan jinya a bakin gadon. Ta ce, "Mun saba buɗe iska har ƙarshe ga duk wanda ya ji mummunan rauni. In ta fi ƙarfin buƙata, huhu take lalatawa." Ta nuna lamba a jikin na'ura. "Duk wanda ya ga ta haura nan, ya faɗa da ƙarfi, kada ya ji kunyar kowa." Da ma'aikatanta take magana, amma Nomau ya ɗauka har da shi.

Kashegari wani ma'aikaci, hannu ya riga ya saba, ya murɗa iskar Jatau har ƙarshe ya wuce gado na gaba. Lamba ta haura. Nomau ya miƙe ya kurma ihu, "Ta yi yawa! Ta yi yawa!" Aka ce ya yi shiru, ya ƙi. Mai gadi ya zo fitar da shi, ya ƙanƙame ƙarfen gado yana ta ihu. Likita ta shigo a guje, ta dubi lamba, ta rage iskar da hannunta.

Ta ce, "Malam, ka gane dalili kuwa?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, irin na tumatir ne."

Daga ranar, ba mai murɗa iska a ɗakin nan sai ya dubi lamba, ya kuma waiwayi Nomau. Ranar da Jatau ya taka zuwa gida da ƙafarsa, Iya ta share hawaye ta ce, "Ashe tumatirina ba su mutu a banza ba."