Hancin Babban Akawu

Duk faɗin ma'aikatar babu wanda Allah ya yi wa baiwar hanci kamar Babban Akawu. Wasu da digiri suke taƙama, shi kuwa da ƙofofin hanci biyu. Kana shiga ofishinsa zai lumshe ido, ya ja iska, ya yanke maka hukunci: "Wannan na bakin titi ne." Shi ya sa ake kiransa Likitan Ƙamshi. Da sunan ya zo kunnensa, sai ya ɗauka girmamawa ce.

Da aka kawo sabon darakta, ƙamshinsa kan riga shi hawa bene. Turaren manya ne, mai baƙar kwalba, wanda kowa ke zancensa. Ga kujerar mataimakin darakta babu kowa a kanta. Likita ya lissafa cewa wanda ke ƙamshi irin na shugaba ya riga ya yi rabin tafiya.

Ya je babban kanti, ya juya kwalbar, ya ga farashi, ya ajiye ta a hankali kamar jaririn wani. Ya ce wa mai kantin murfin ne bai yi masa ba. Daga nan ya zarce bayan tasha wurin mai haɗa turare, ya janyo hula har gira.

"Na direbana ne," in ji shi, alhali a motar haya ya zo.

Mai haɗi ya zuƙo daga kwalabe uku da sirinji, ya girgiza, ya ɗura masa a wata tsohuwar baƙar kwalba.

Wata biyu Likita yana ba ƙananan ma'aikata darasi. "Turare na gaske ba ya ihu," yakan ce, yana kaɗa hannun riga. "Raɗa yake yi." Sakatariya takan tashi ta buɗe taga don raɗar ta samu hanyar fita.

Rannan bayan taro, darakta ya fito da sabuwar kwalba a gaban kowa. "An ce kai ne gwani. Duba mini wannan."

Likita ya miƙe, ya gyara wuyan riga. Ya fesa a bayan hannu, ya shinshina, ya shinshina wanda ke jikinsa. Ba su yi kama ba ko kaɗan. Ya girgiza kai cikin tausayi.

"Ranka ya daɗe, an cuce ka. Jabu ne. Ba shi da nauyi. Duk wanda ya kawo maka wannan bai san darajarka ba."



"Matata ce," in ji darakta. "Daga kamfanin ta sayo da hannunta."

Kujerar mataimaki dai wani ya hau, mutumin da ko sabulu mai ƙamshi ba ya saye.

Da yamma Likita ya ba matarsa labari tana gugar rigarsa. Ya yi ƙoƙarin ɓata rai, dariya ta ci ƙarfinsa. "Shekara ashirin ina yi wa mutane alƙalanci. Sau ɗaya na gaske ya zo gaban hancina, na kore shi."

"Ni dai kada ka daina na bayan tashar, Baban yara," in ji ta, tana juya rigar. "Tun da ka fara shafa shi, sauro bai sake leƙo ɗakin nan ba."