Yatsan da Na'ura Ta Sani

A unguwar Mafoni, in ka tambayi labarin Ba Kashim mai wankin hula, masu keke za su ce maka ba wanda ya kai shi fitar da dattin gumi daga hular zanna. Matarsa Ya Kaltum kuwa cewa take shekara arba'in ba ta taɓa jin "yi haƙuri" daga bakinsa ba. Ko ƙafarka ya taka, tambayarka zai yi me ya kai ta nan.

Ni aikina a bencinsa saurare ne. Yana goge hula yana cewa duniya baya take yi. Ni da sai da furfura ta fito mini na koyi rubuta sunana, nakan ce a hankali, "Ba Kashim, gaba dai."

Ran Litinin sai ga takarda daga Mai Girma Shugaban Kwamitin Zamanantar da Sana'o'i, Allah ya ƙara masa kujera mai juyawa. Duk mai sana'ar hannu ya je na'ura ta ɗauki zanen yatsansa kafin Alhamis, in ba haka ba a kwashe rumfarsa. Na ce masa minti biyar ne. Ni na faɗa, ba wanda ya aike ni.

Mun isa ƙarfe tara. Hoton Mai Girma ya fi ƙofar ofishin tsawo, amma janareta ba mai, an ƙarar da shi ranar bikin buɗe wurin. Sai bayan azahar aka samo mai, aka kai kanmu.

Ma'aikaciyar, Ketura, mai fara'a ce. "Baba, ɗora babban yatsa."

Na'ura ta yi ƙara, ta nuna ja. Ya goga yatsan a goshi. Ja. Ya hura masa iska. Ja. Ashe sabulu da sitaci na shekara arba'in sun shafe zanen tas, yatsun nan sumul kamar bayan cokali. Haka aka bi guda tara.

"Baba, na'ura ta ce ba ta gan ka ba."

"Ke kin gan ni?"

"Haba Baba, ai kai kake wanke hular oga."

"To rubuta, 'yata."

"An hana mu biro, Baba. Zamani ya wuce nan."

Ya juyo ya dube ni. Na dubi silin. Rumfar nan ita ta ciyar da 'ya'ya bakwai, ga shi za ta tafi saboda mai ita ya cika aiki.

Sai Ketura ta ce, "Wancan fa?"

Tana nufin ƙaramin yatsansa na hagu. Tun yana yaro ƙofar mota ta datse shi, ya sandare, ba ya lanƙwasuwa. In sauran suna cikin kumfa shi yana sama a miƙe yana kallo. Shi ya sa Ba Kashim yake kiransa Ciyaman, kuma ba ranar da ba ya zaginsa.

"Wannan? Bai taɓa wanke ko hular jariri ba!"

"Gwada dai, Baba."

Ya ɗora. Kore! Har da wani ɗan kiɗa. Katin ya fito da ɗuminsa, rumfa ta tsira.

Jama'a, a daina cewa na'urar manyanmu ba ta da basira. Cikin ma'aikata goma ta tsallake tara da suka sha wahala, ta gane nata.

A keke muna komawa ya ce, "Malam Garzali, gaba ko baya?" Na ce ina nazari.

Da muka sauka Ya Kaltum tana bakin zaure tana jiran labari. Ba Kashim ya gyara tsayuwa, ya ɗaga ƙaramin yatsan nan sama, ya ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, Ciyaman. Ban san da kai gwamnati take magana ba. Yi haƙuri."