Rasuwar Ƙafa-Huɗu, Keken Dogarawar Baban Gareji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yau ba ta gama yarda da kowa ba, tsohon makaniken nan da unguwa ke kira Baban Gareji yake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan hira rasuwar abokin tafiyarsa, keken dogarawarsa mai taya huɗu, wanda ya raɗa wa suna Ƙafa-Huɗu. Marigayin ya cika ranar Talata da misalin ƙarfe tara na safe, a gangaren da ke gaban shagon mai aski, yana da shekara shida da wata biyu a bakin aiki.

Marigayin ya shigo gidan ne a lokacin da gidan ba daɗi. Baban Gareji ya zame a banɗaki, ƙugu ya karye, ya yi wata huɗu a kwance. Mutumin da ya shekara arba'in yana shiga ƙarƙashin motoci ya koma sai an ɗaga shi an zaunar. Ya juya wa bango fuska, abinci sai matarsa ta yi da gaske. Ranar da ma'aikaciyar gashin ƙashi ta shigo da keken, kallo ɗaya ya yi masa ya ce a fitar masa da amalanken tsofaffi daga ɗaki. Ba a fitar ba. Kwana takwas suna zaune ɗaki ɗaya ba mai kula wani. A na tara hannun makanike ya kasa haƙuri, ya miƙa ya matsa birkin, ya sake matsawa, ya ce, "Wanda ya haɗa wannan ya san aiki." Daga nan aka fara. Yau bakin ƙofar ɗaki, gobe tsakar gida, bayan wata guda sai ga su a tsohon garejinsa da ke ƙarshen layi, wanda ya bar wa almajiran aikinsa na da, da yanzu su ma furfura ta kama su. Kullum da safe can yake zuwa, ya kulle birki, ya zauna a kan 'yar kujerar marigayin, ya saurari injin mota ya faɗi ciwonta tun kafin a buɗe bonet.

Mai sanarwa yana shaida cewa marigayin mai haƙuri ne, mai rufin asiri. Bai taɓa ce masa "a hankali, Baba" ba. Bai taɓa jan hannunsa ba, bai taɓa yin gaba ya bar shi ba, kuma duk tuntuɓen da suka yi tare, ko ɗaya bai kai kunnen babbar 'yarsa ba. Maganarsa ba ta wuce biyu ba: "ƙiii, ƙiii" daga tayar baya ta hagu, wadda duk giris ɗin duniya bai hana ta ba, da "ƙas" idan an kulle birki. Mai shagon da ke kan kwanar layin yakan ce da wannan ƙiii ɗin yake saita agogonsa.

Ya rasu ya bar ƙarfen riƙewa guda biyu a bangon banɗaki, da tabarmar roba mai hana santsi, da yayarsa sanda da ta yi ritaya a bayan ƙofa. Ya kuma bar wata ƙararrawa da ake ratayawa a wuya, wadda ke kiran wayar babbar 'yar idan an faɗi. Mai sanarwa bai ɗauke ta a dangi ba. A ganinsa 'yar rahoto ce.

Game da yadda abin ya faru, ga iyakar abin da aka sani. Suna cikin saukowa gangaren, marigayin ya yi wata ƙara da ba a taɓa jin irinta daga gare shi ba, "ɓas", ƙafarsa ta gaba ta dama ta lanƙwashe, ya durƙushe. Baban Gareji ya tafi zai kifa da fuska. Abu biyu suka tare shi: birkin hagu da ya riƙe har ƙarshe, da wani hannu da ya damƙi rigarsa ta baya. Ya sauka a gwiwa da gwiwar hannu, ƙugu bai taɓa ƙasa ba. Da ya waiwaya, sai ya ga matarsa, tana haki, mayafinta a ƙasa.

"Ke kuma me kike yi a nan?"

"Sabulu zan sayo."

Shagon sabulu ba ta nan yake ba. Ya riƙe wannan a ransa.

Masu zuwa dubiya kowa sai ya ce tsufa ne, ƙarfe ma yana gajiya. Baban Gareji ya gode musu, amma shi ya san ƙarfe fiye da su duka, kuma ya san ƙarfe ba ya mutuwar farat ɗaya. Yana kwance da bandeji a gwiwa ya jera waɗanda yake zargi. Ta farko babbar 'yarsa, wadda mako uku kafin rasuwar ta ce masa, "Baba, wannan fitar ta kullum ta isa haka." Na biyu mijinta, wanda a makon nan ɗin ya sauke keken guragu sabo fil a soron gidan, ya ce, "Ko da za a buƙata, Baba." Ta yaya mutum zai san za a buƙata? Na uku mai aski, da ke watsa ruwan wanke aska a daidai gangaren, kuma an yi masa magana ya fi sau goma.

Ya kira 'yar ya zaunar da ita.

"Ranar Lahadi da kika ce za ki goge shi, me kika taɓa?"

"Tsumma na taɓa, Baba."

"Sifana ta mai lamba goma ba ta inda na ajiye ta."

"Haba Baba! Ni zan kwance maka keke ka faɗi? Ni da na kwana asibiti da kai?"

Ta tashi da hawaye ta fita. Abin ya taɓa shi, amma bai cire ta daga jerin ba.

Ranar Alhamis ya sa aka ɗauki gawar aka kai wa mai walda da ke jikin gareji, mutumin da ya sani shekara talatin, shi kuma aka kai shi a mota. Mai walda ya kwance jakar da ke rataye ƙarƙashin kujerar, ya kifa marigayin, ya duba ƙasansa.

"Maigida, zo ka gani da idonka."

A can ƙasa, inda ƙugun Baban Gareji ya daɗe da hana shi sunkuyawa ya duba, an naɗe ƙarfen da baƙin salatif irin na masu gyaran wuta, baƙi a kan baƙi, naɗi a kan naɗi, tsaf kamar ɗaurin ciwo. Mai walda ya warware shi. Tsagar ta tsufa, bakinta har ya yi duhu.

"Wannan ta kai wata biyu. Ba wanda ya yanka, ba wanda ya kwance. Tsagewa ta yi, wani ya gani ya rufe. Kuma wannan ƙarfen ko na liƙa, ba zan yarda ka ɗora nauyinka a kai ba."

Baban Gareji ya karɓi salatif ɗin ya juya shi a hannu. Makanike ba ya irin wannan naɗin. Ƙarshensa ma an lanƙwasa shi ciki, yadda ake kalmasa bakin zane.

Da ya dawo gida, ya sami matarsa a kicin tana yankan albasa. Ya dafa bango, ya ajiye salatif ɗin a gefen faranti. Ta kalle shi, ta ci gaba da yanka.

"Tun yaushe?"

"Wata biyu da kwana shida."

"Kika bar ni ina hawa gangare da shi? Da na karye fa?"

Ta ajiye wuƙar. "Shi ya sa nake bin ka. Kullum. Ka ɗauka sabulu nawa gidan nan ke ci?" Ta goge ido da bayan hannu, ta ce albasa ce. "Da na faɗa, ranar za a ɗauke shi a ɗora ka a keken guragu irin wancan na soro, a ce kafin a samo wani. Ni kuwa na san irin wannan kafin ɗin ba ya ƙarewa. Ni na zauna da kai wata huɗu kana kallon bango, ina roƙonka ka ci loma uku. Na ce gara in bi ka a baya da in sake ganin wannan. Na yi kuskure, Malam. Da hannuna ya kuskure rigar nan, ban san me zan ce wa yaran ba."

Mai sanarwa ya tanadi maganganu masu zafi tun a mota. Ko ɗaya bai samu ta fita ba. Sai kawai ya ce naɗin dai ya yi kyau, amma salatif ba ya riƙe nauyi. Ta ce ta gane.

Washegari ya kira babbar 'yar ya ba ta haƙuri, abin da ba ta taɓa ji daga bakinsa ba, har ta tambaya ko kansa ya bugu a faɗuwar. Da ta ji gaskiyar magana ta yi wa uwar faɗa, uwar ta haƙura ta sha, daga baya su biyun suka haɗu suka yi masa faɗa shi. An kira ma'aikaciyar gashin ƙashi. Ta auna tafiyarsa ta ce ƙafarsa ba ta kai ga keken guragu ba, wani keken dogarawa za a nemo daidai tsayinsa, kuma daga yanzu duk wata sai an kifa shi an duba ƙasa a gaban kowa. An mayar wa surukin da kayansa. Mai sanarwa ya yafe wa matarsa, ya wanke 'yarsa. Surukin yana nan a rabi da rabi, domin har yanzu ba a bayyana yadda aka yi ya sani ba. Mai aski kuwa ba a wanke shi ba, kuma sifana mai lamba goma ba ta dawo ba.

Za a yi rakiyar marigayin ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, daga ƙofar gida zuwa gareji. Matar mai sanarwa ta ce kada a kira abin jana'iza, ƙarfe ne, kuma an amince. A can za a cire tayoyi uku masu lafiya a ba maƙwabciyar da nata keken ke ɗingishi. Birkin hagu zai koma gida. Sauran mai walda ya san inda zai kai. Ba a buƙatar kujeru ko jawabi, kuma duk wanda ya zo da niyyar cewa "dama mun faɗa" ya yi zamansa a gida.

Da yake sabon keken sai mako mai zuwa zai iso, mai makoki zai taka ne da ƙafarsa, hannunsa a kafaɗar matarsa, wadda wannan karon za ta tafi a gefensa. Tafiyar minti biyar ce ga mai lafiya. A ba su rabin awa. Masu rakiya su biyo a baya, kuma kada kowa ya miƙo hannu sai ita ta ce a miƙo.