Ranar da Na Ce wa Matar Meri Lafiya Lau

Ko me zan manta a zamana na Faransa, ba zan taɓa mantawa da ranar da wata ma'aikaciyar meri ta zo duba gidanmu a Saint-Fons ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in kwaɗa wa kaina mari.

Lokacin ina aiki a wani izin, wato masana'anta, mun lallaɓa mun sayi tsohon gida a bene, ni da matata Balkisa da ƴarmu Nana mai shekara uku. Gida ne da iska ke shigowa ta tagoginsa ba sallama. Bangon ɗakin Nana duk fumfuna, baƙi ƙirin, yarinya kuwa da sanyi ya kama sai tari ba ƙaƙƙautawa. Sai meri, wato ofishin magajin gari, ta fito da taimako: za a canza wa mutane tagogi, a toshe hanyoyin sanyi don a rage shan wuta. Amma sai an zo an gani da ido, kuma waɗanda suka fi jin jiki da su za a fara.

Na kira yayana da ke Montreuil na ba shi labari. "Baƙuwa ce fa daga hukuma," in ji shi, "kada ka bari ta same ku a wulaƙance." Haba! Ni ɗan Damagaram za a koya wa tarbar baƙo?

Na sayo fenti na shafe fumfunar tas, inda ta ƙi ɓoyuwa na jawo kabad na rufe. Na rataya labulen auren Balkisa masu kauri a tagogi. Ranar zuwanta na aro shofaj biyu na lantarki, masu ɗumama ɗaki, wajen maƙwabci, na kunna tun safe, na turara gida, na dafa shayi, har kilishin da nake ɓoyo na fito da shi. (Balkisa ba ta nan, ta kai Nana likita. Saboda tarin, ku ji fa.)

Matar ta shigo, ba a jima ba ta tuɓe mantonta, wato rigar sanyi, tana share gumi. Ta zagaya ɗakuna, sannan ta zauna ta tambaye ni ko muna jin sanyi a gidan.

Wallahi na san amsar. Amma bakin da aka raina da "lafiya lau" ko ana kan gadon asibiti ya riga ni. "Non, madame, ça va très bien," na ce, wato lafiya lau muke, har da murmushi.

"Danshi fa? Yarinya ba ta rashin lafiya?"

"Ƴar mura ce kawai, irin ta yara. Mun gode Allah." Na ƙara mata shayi.

Tana sa mantonta za ta fita sai ga Balkisa, goye da Nana tana tari kamar ƙirjinta zai tsage. Matar ta ce mata, "Madam, kun yi sa'a. Gidanku ya fi duk waɗanda na shiga ɗumi. Maigidanki ya ce ba ku da matsala." Balkisa ta dubi labulenta, ta dubi kabad, ta dube ni. Ita ma ƴar gida ce, ba za ta ƙaryata mijinta gaban baƙuwa ba. Ta ce, "Oui, madame."

Da ƙofa ta rufu ta sauke yarinyar, ta ce, "Malam, sannu da ƙoƙari. Ta ji daɗin kilishin?" Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na je meri daga baya ina kame-kame, suka ce cikin ladabi in jira zagaye na gaba. Ina tsaye ina kallo aka sa wa maƙwabcin da ya ara mini shofaj sababbin tagogi. Shi da ya tarbi matar da bargo a kafaɗa, ko ruwa bai ba ta ba! Fumfuna ta huda fentina ta dawo, muka kwashe katifu muka koma falo mu uku har sanyi ya wuce, Nana kuwa sai da aka kwantar da ita asibiti.

Tun daga nan na gane ba kowane mai shigowa gida ne baƙo ba, wani aiki ya kawo shi, kuma abin da ka faɗa shi zai ɗauka. Na kare mutuncina a gaban matar da ba ta ma riƙe sunana ba, ƙirjin ƴata ya ɗauki sauran.