Ranar da Na Dafa Shanyar Tumatir

A shekarun 1980, ina sabon injiniya a wata masana'antar tumatirin gwangwani kusa da Kura, aka ce in zaɓo manhajar kwamfuta da za ta tsara bututun fitar da rarar tururi daga tukunyar injin. Uku aka kawo. Na ɗauki wadda aka yi don matatun mai, domin a ganina sauran ba ajina ba ne.

Sati biyu ina ɗura mata lambobi. Ta ba ni faɗin bututu da tsawonsa, ni kuma na juya bakinsa gabas, inda taswira ta nuna fili fetal a bayan katangar masana'antar.

Malam Sule, tsohon mai waldarmu, ya ce, "Injiniya, ka leƙa bayan katangar nan kuwa?"

Na ce, "Baba, kwamfuta ta riga ta leƙa."

Ya kama waldarsa.

Ranar gwaji har sabuwar hula na sa. Tururi ya fita da gurnani, daidai yadda lissafi ya ce, ya sauka a kan tumatirin da manoman rani suka yanka suka shanya a filin. Shanyar kwana huɗu ta dahu luguf. Wani dattijo ya leƙo ta katanga, ya dube ni tsaf, ya ce, "Ɗana, saura gishiri."

Gida-gida na bi ina ba da haƙuri, Malam Sule ya mayar da bututun sama. Yau har jikoki gare ni, amma in na shiga kasuwar Bunkure, masu tumatir janye kwandunansu suke yi, suna cewa, "A ba Injiniya Mai Miya hanya."